Zuliha da Zunguru Biyu

Duk wanda ya zauna a Mirriya a shekarun da Nasara ke shirin naɗe tabarmarsa ya san Zuliha mai randa. In bai san ta da randa ba, to ya san ta da hannu. Gajeruwar mace ce mai faɗin kafaɗa da saurin tafiya, kuma Allah ya yi ta da hannun da ba ya iya wuce karkataccen abu. Kina tsaye kina gaishe ta, sai ki ji ta gyara miki ɗaurin kallabi. In ta shiga gidan suna, kafin ta ce barka ta riga ta miƙe tabarma, ta kife ƙwaryar da aka bari a buɗe, ta share wa ɗan wata majina. Mijinta Alkasum, mai noman lambu, ya daɗe da sallamawa. In ya sa hula zai fita, yakan tsaya a bakin ƙofa ya miƙa mata kai, don ya san ko bai tsaya ba za ta biyo shi har zaure.

Randarta kuwa ba a magana. Ruwa ya kwana a ciki, da safe sai ya kama maka haƙori ko da tsakiyar bazara ne. Daga cikin birnin Damagaram ake aikowa a saya. Abin da aka fi sanin aikinta da shi shi ne baki. Takan jiƙa ɗan tsumma, ta kama gefen randar da yatsa biyu, ta zagaya sau ɗaya da baya da baya, shi ke nan baki ya fito sumul, ba tudu ba kwari.

Ba da daɗi ta koyi wannan ba. Uwarta ta rasu tun tana goye, kakarta Dodo ce ta rene ta, ita ta koya mata ginin tukwane. Dodo ba ta faɗa, ba ta zagi. In yarinya ta wuni tana gini tukunya ta karkace, tsohuwar takan zo ta duba, ta sa ƙafa ta taka, tukunya ta koma laka, ta wuce abinta. Zuliha ta sha kuka a bayan rumbu har ta gaji. A nan bayan rumbun ta yi wa kanta alkawari cewa in Allah ya ba ta 'ya mace, ba za ta taɓa fasa mata tukunya ba.

Allah ya ba ta maza biyu tukuna, suka bi ubansu lambu. Sannan ya ba ta Balki, daga ita kuma haihuwa ta tsaya. Zuliha ta cika alkawari, ba ta taɓa fasa wa Balki ko kasko ba. Gyarawa take yi. Tun yarinyar tana gina 'yan tukwanen wasa, uwar takan wuce ta ce, "Madalla, kawo in ɗan taɓa." Ta taɓa, abu ya yi kyau, yarinya ta yi murna. Da Balki ta tasa ta fara gina tukunyar miya da tulu, maganar ba ta sake ba. Tana kai wa wuya, sai ta ji inuwar uwarta a kanta, ta ji, "Matsa kaɗan, 'yar nan." Ita Zuliha a ranta tausayi take yi, kuma duk wanda ya ce mata ba tausayi ba ne da sun kwashi 'yan kallo.

Shekarar da aka jefa ƙuri'ar Wi da Non, wato i ko a'a ga ci gaba da zama da Faransa, Balki na da shekara goma sha huɗu, doguwa kamar ubanta, mai ƙarancin magana kamar shi. Bayan kaka, wata ranar kasuwa, suna zaune a gindin tsamiya da kayansu, sai ga wata dattijuwa daga Tirmini wadda ta saba sayen tukwanen Zuliha. Ta ɗauki wani tulu, ta ƙwanƙwasa, ta ji ƙararsa, ta yaba.

Zuliha ta washe baki ta ce, "Ai 'yata ce ta gina shi, ga ta nan."

Dattijuwar ta juya tulun, ta shafa bakinsa da babban yatsa, ta yi dariya. "Haba Zuliha, ni za ki yi wa wannan? Bakin nan naki ne, ko a cikin duhu na shafa na san shi. Yarinya dai ta kwaɓa miki yumɓu, Allah ya yi mata albarka."

Aka yi dariya, Zuliha ma ta yi. Balki ba ta yi ba. Ta ɗaure wa matar tulun da igiya, ta miƙa mata da hannu biyu, ta koma ta zauna.

Daga ranar Balki ta daina gini. Ba ta yi rashin kunya ba, ba ta ƙi aiki ba. Ita ke zuwa ramin yumɓu, ita ke jiƙawa, ta zuba ƙaiƙayi ta tattake, ita ke tara kashin shanu da karan da za a toya tukwane. Amma in aka ce ta zauna ta gina, sai ta tuna akwai daka, ko wanki, ko akuya ta kwance. Zuliha ta ce ƙuruciya ce, za ta wuce. Rani ya wuce, damina ta wuce, abin bai wuce ba. Gidan da da ake gini ana hira, ya zama ba ka jin komai sai ƙarar hannun mutum ɗaya a jikin laka.

Ana haka Ramlatu, ƙanwar Alkasum, ta zo daga unguwar Zango ta Damagaram. Ita a can cikin Damagaram take sayar da kwanuka da fanteka masu zanen fure da ake kawowa daga Kano, kuma kasuwa ta buɗe mata har tana neman mai taya ta. Ta roƙi yayanta ya ba ta Balki ta zauna a wurinta. Alkasum ya ce sai ya ji ta bakin yarinyar. Yarinyar da ba ta cika magana ba ta ce, "Ina so, Baba," tun bai rufe baki ba. Aka tsayar da magana a kan za ta tafi kafin ruwa ya sauka.

Abin ya soki Zuliha. Ba tafiyar ce kaɗai ta dame ta ba, Damagaram ai ga ta nan, saurin amsar ne ya tsaya mata a rai. Da la'asar ta sami Balki tana tankaɗe, ta zauna kusa da ita, ta gyara mata zaman faifan, sannan ta ce, "'Yar nan, me na yi miki? Sana'ar uwata da kakata za ki bari ki je ki zauna kina kaɗa wa kwano ƙuda? Ke da kika iya gini?"

Balki ta ci gaba da tankaɗenta. Can ta ce, "Inna, wa ya ce na iya? Ni ban taɓa gina tukunya ba. Ko ɗaya. Duk wadda na fara, taki ce take ƙarewa. Ban san ko na iya ba, ke ma ba ki sani ba."

Zuliha ta saki faifan. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta zauna a bakin gado, Dodo ta faɗo mata a rai. Tsohuwar nan ta fasa mata tukwane ba iyaka, amma nata ta fasa. Ita kuwa ba ta bar wa 'yarta ko wadda za a fasa ba.

To, sabo turken wawa. Zuliha ta yi niyyar bari, sai dai hannun bai ji niyyar ba. Ta lallashi Balki ta gina 'yar tukunya, ta rantse ba za ta taɓa ba, ta zauna a kan tafukanta. Balki ta kusa gamawa ruwan shafawa ya ƙare, ta tashi ɗebowa. Kafin ta dawo an gama. Zuliha da kanta ba ta san lokacin da ta tashi ba, sai dai ta ga yatsunta da laka. Balki ta dubi bakin tukunyar yana sheƙi, ta ajiye ƙwaryar ruwan a hankali, ta tafi ta ba akuya dusa. Wani karon Zuliha ta ce za ta bar gidan ɗungum, ta tafi gaisuwar rashin lafiya can ƙarshen gari. Tana cikin yi wa mara lafiya sannu ta tuna rana ta kusa kai wa inda ake shanya, ta miƙe ba sallama, ta dawo da gudu-gudu ta janye tukunyar zuwa inuwa. Tun da ta riga ta taɓa kuma, ai sai ta ɗan shafa.

Daga nan Balki ta ƙi ko kallon yumɓu. Zuliha ta ɗauki mayafi ta shiga gidan maƙwabciyarta Ya Aisa, Babarbariya mai kitso da ƙunshi, ƙawarta tun suna amare. Ta zayyana mata komai tana share hawaye da gefen zane.

Ya Aisa ta gama ji, ta tofar da tukar goro, ta ce da irin sannun Barebari, "Wushe da aiki, Zuliha. Garin neman gira za ki rasa ido. Yanzu ko'ina ka zauna maganar mulkin kai ake yi. Kumandan Nasara da bindigarsa ya yarda zai saki ƙasa sukutum, ke kin kasa sakin bakin tukunya?"

"Ya Aisa, ba ni ba ce, hannun ne."

"To a ɗaure hannun."

Ta shiga ɗaki ta fito da zunguru, dogon goran nan da mata ke zura hannu a ciki in sun sa lalle, don kada ya goge kafin ya kama. Ba ɗaya ta fito da shi ba, biyu. Kowa ya san ba a sa zunguru biyu a lokaci ɗaya, don mace na bukatar hannu ɗaya ta sha ruwa ta kori sauro. Kowa kuma ya san maginiya ba ta ƙunshi da rani, sai damina in an ajiye aiki, don laka cinye lalle take yi. Zuliha ta faɗi duka biyun. Ya Aisa ta ce ta ji, miƙo hannu.

Sauran dabarar Alkasum ne ya kawo ta, shi da ake ganin bai san abin da ke gudana a gidansa ba. Da hantsi ya dawo daga lambu, ya tarar da matarsa zaune a tabarma, hannu biyu a zunguru, ta miƙe su a kan gwiwa. Ya dube ta, ya kau da kai don kada dariya ta ƙwace masa. Ya kira Balki ya ce, "Goggonki ta ce randarta ta tsage, kuma kwanon Kano ba ya sanyaya ruwa. Ba za ki je gidan mutane hannu rabbana ba. Ga uwarki ta zaɓi yau ta zama amarya. In ba ki gina ba, babu."

Balki ta dubi zungurun, ta dubi uwarta. Randa ba tukunyar miya ba ce, ko manyan magina suna shakkarta. Ta je ta yaye tsumman da aka rufe yumɓu da shi.

Ranar nan Zuliha ta ga tashin hankali. Tun daga gindi ta ga yarinyar ta sa laka ta yi kauri a gefe ɗaya. Hannu ya motsa, zunguru ya bugi zunguru, ƙwas. Da hannu ya gagara sai baki ya karɓa. "'Yar nan, da kin ɗan..." Ya Aisa, wadda ta zo da kujerarta ta zauna gadi, ta ɓare goro ta tura mata a baki, ta bi da furen taba tana goga mata a haƙora. Duk sanda Zuliha ta ja numfashi za ta yi magana, sai wani ɓarin goro ya shiga. Ƙuda ya sauka mata a hanci, ba halin kora. Balki ta saci kallonta sau ɗaya, kafaɗunta suka yi rawa, ta yi sauri ta sunkuyar da kai a cikin randar.

Randa ba a gina ta a wuni ɗaya. Sai gindi ya sha iska a ɗora ciki, ciki ya sha iska a ɗora kafaɗa. Kullum za a ɗora, Ya Aisa na nan da sabon kwaɓin lalle. Hannun Zuliha ya yi ja, ya yi jawur, ya koma baƙi ƙirin har gwiwar hannu, haƙora kuwa suka rine. Matan unguwa suka samu abin yi. Wannan ta leƙo ta ce ina angon, waccan ta ce a ajiye mata nata goron ɗaurin aure. Zuliha ta haɗiye duka, ita da ba a taɓa faɗa mata ɗaya ba ta mayar da uku ba.

Randar ta tashi. Ba ta yi muni ba, amma ta ɗan jingina gefe kamar mai sauraron gulma, bakinta kuma ya buɗe waje fiye da yadda Zuliha ke yi. Aka kai ta inuwa ta bushe, aka daina ƙunshi, Ya Aisa ta kwashe zungurunta ta koma gida.

Ranar da za a kai kaya matoya, filin bayan gari inda magina ke toya tukwanensu, Balki ta tafi rijiya da sassafe. Zuliha ta zo wucewa ta gaban randar, idonta ya faɗa a kan kafaɗarta. Ga wata 'yar tsaga nan siririya kamar gashin kai, inda sabuwar laka ta hau kan wadda ta riga ta bushe da yawa. Wanda ba magini ba ba zai gan ta ba. Zuliha ta san wuta za ta buɗe ta. Ta kuma san maganinta: a kankare wurin kaɗan, a jiƙa, a cusa laka mai laushi, a ɗaga toyi zuwa wani mako. Ko ba a ɗaga ba, yatsa ɗaya zai iya rage ɓarnar, kuma ba wanda zai sani. Ga ƙwaryar ruwa a kusa, ga gida ba kowa, ga hannu a sake.

Ta tsuguna. Ta kai yatsa har ya kusa taɓawa, sai ta ga baƙin lallen da ke kansa. Ta daɗe a tsugune tana kallon yatsan nan. Tausayin 'yarta ya cika mata ciki, don ta san irin kukan da ake yi a bayan rumbu. Sannan ta naɗe hannuwanta a cikin zane, ta miƙe, ta fita zaure ta zauna a inda maza ke zama, har Balki ta dawo.

Da la'asar aka jera kaya a matoya, aka lulluɓe da kara da kashin shanu, aka sa wuta. Washegari da safe mata suka zo da dogayen sanduna suna tone toka, kowa na jawo nata. Balki ta jawo randarta, ta bari ta huce, ta ƙwanƙwasa da ɗan yatsa. Maimakon ƙara mai zaƙi, sai wani sauti ya fito a dushe. Tsagar ta buɗe tun daga kafaɗa har kusan ciki, ana hango haske ta cikinta. Wata daga cikin matan da ke kusa ta ce, "Ayya, ta farko ai ta wuta ce." Balki ta miƙe. Ta naɗa gammo, ta ɗora fasasshiyar randar a ka, ta kai ta gida.

Ta sauke ta a tsakar gida, ta zauna a gabanta, hawaye na zuba ba ta share ba. Zuliha na tsaye a bakin madafa, hannu a bayanta, ɗaya ya riƙe ɗaya gam. Ba abin da take so a duniya irin ta je ta rungume yarinyar ta ce bari in gina miki wata. Ta cije.

Can Balki ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Inna, a ina na kuskure?"

Shekara da shekaru Zuliha na ba da amsar wannan tambaya, ba a taɓa yi mata ita ba sai yau. Ta zo ta tsuguna a gefe. Ba ta taɓa randar ba. Ta ce, "Sa yatsanki nan. A'a, sama kaɗan. Kin ji inda ya yi tudu? Nan kika ɗora kafaɗa bayan ciki ya sha iska ya wuce kima. Ɗanye da busasshe ba sa riƙe juna sai an jiƙa an karce."

Balki ta bi wurin da yatsa, ta sake bi. Sannan ta juyo ta dubi uwarta. "Kin gani tun kafin a toya?"

"Na gani."

"Ba ki taɓa ba."

"Ban taɓa ba, 'yar nan. Allah ne shaidata, na kusa mutuwa."

Dariya ta ƙwace wa Balki a tsakiyar kuka, uwar ma haka, suka zauna a ƙasa suna yi suna share ido. Da suka natsa Balki ta tashi ta ɗauki kwando da 'yar fartanya. Alkasum na shigowa ya tambaye ta ina za ta, ga kamiyo, babbar motar kayan da ke zuwa Damagaram, zai tashi ranar kasuwa ba ta haɗa kaya ba. Ta ce, "Baba, a gaya wa Goggo ta ƙara haƙuri, randarta ba ta yi ba tukuna." Ta wuce ramin yumɓu.

Randa ta biyu ma ba ta yi ba, gindinta ya zauna. Ta uku ta riƙe ruwa. Balki ta kai wa Ramlatu ita da kanta a bayan kamiyo, tana rungume da ita duk hanya, ta yi kwana biyu a Zango ta ga gari, ta dawo tun ruwa bai sauka ba, wai ta bar yumɓu a jiƙe.

Kada a ce Zuliha ta warke sarai, hali zanen dutse ne. Har ta tsufa tana gyara wa mutane kallabi, Alkasum kuma bai daina miƙa kai a bakin ƙofa ba. Amma in Balki ta zauna gini, uwar takan ja tabarmarta can nesa ta juya baya, in abin ya ci ƙarfinta ta aika a kira Ya Aisa.

Da daminar nan aka yi bikin mulkin kai, aka sha kiɗa a Damagaram, Mirriya ma ta taɓa nata. Bayan kaka kasuwar tukwane ta dawo. Suna zaune a gindin tsamiya, kayan uwa a dama, na 'ya a hagu, sai ga dattijuwar nan ta Tirmini. Ta ɗauki wata randa daga hagu, ta ƙwanƙwasa, ƙara ta tashi rau. Ta shafa bakin da babban yatsa, ta yamutsa fuska, ta sake shafawa.

"Zuliha, wannan ba bakinki ba ne. Wa kika bari ya sa kaya a cikin naki?"

Zuliha ta sha yabo a kasuwar nan tun tana budurwa, ba wanda ya taɓa yi mata daɗi kamar wannan. Ta ce, "Ba nawa ba ne kam. Ga mai shi nan, yi ciniki da ita."

Fasasshiyar randar kuwa tana ɗakin Zuliha har ƙarshen ranta, a bayan ƙofa, tana zuba gero a ciki. Ta jingina gefe, ga tsaga a kafaɗa, duk wanda ya shiga sai ya gan ta. Jikoki sun sha cewa a kawo laka a liƙe, ko a sa dutse a tallafe ta ta miƙe. Takan ce a bar mata kayanta yadda mai shi ta gina.